Zuciya da Numfashi: Yadda Tafiyarsu Tare Ke Nuna Ƙarfin Juriyar Jiki

Idan ma'aikacin lafiya ya riƙe wuyan hannunka ya ce zuciyarka na bugawa sau 72 a minti, gaskiya ya faɗa, sai dai a dunƙule ya faɗe ta. Zuciyar mai lafiya ba ta jera bugun nan 72 a kan tazara guda. Tsakanin wani bugu da mai bi masa ana iya samun milisakan 780, wato kaso 780 cikin dubu na daƙiƙa, na gaba ya zama 850, na bayansa 900, sannan tazarar ta sake tsukewa. Wannan buɗewa da tsukewa ba kara-zube take ba, numfashi take bi. Idan mutum na shaƙar iska zuciya na ƙara sauri, idan yana fitarwa sai ta sassauta.

Ba sai da na'ura ake gane haka ba. Ka zauna ka natsu, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta ɓangaren babban yatsa, inda jijiya ke harbawa. Ka ja numfashi sannu a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa biyar, ka sake shi kana ƙirga wasu biyar. Kafin ka yi sau huɗu za ka ji harbin yana matsowa kusa da juna wajen ƙarshen shaƙa, da ka fara sakin iskar kuma sai ya ja baya, har ka ji kamar an jinkirta bugu ɗaya. A jikin yaro abin a fili yake ƙwarai, har wasu iyaye kan tsorata su ɗauka zuciyar ɗansu ce ba ta daidai. A jikin dattijo kuwa sai an lura da kyau, wani ma ba za a ji komai ba.

A kan wannan ɗan bambanci aka gina wani fanni na nazarin jiki, wanda tambayarsa ta wuce "akwai ciwo ko babu". Abin da yake nema shi ne: wane irin ƙarfi ya rage wa jiki na daidaita kansa idan yanayi ya sauya? Tashi tsaye daga kwance sauyi ne, haka zazzaɓi, da tiyata, da juna biyu, da kwana ba barci, da hawa wuri mai tudu. Mutum biyu na iya zama a kujera ɗaya, awon jininsu ɗaya, bugun zuciyarsu ɗaya, amma ɗaya yana riƙe da wannan daidaito ne cikin sauƙi, ɗayan kuwa ya riga ya tattaro duk abin da yake da shi don ya riƙe. Awon da aka saba yi ba ya raba su. Yadda zuciya ke amsa numfashi yana iya raba su, matuƙar an san yadda ake karanta shi, kuma a wajen karatun ne galibi ake yin kuskure.

Abin da ke haɗa huhu da zuciya

A saman ɗakin dama na zuciya akwai wani ɗan gurbi na ƙwayoyin halitta da ke samar da tartsatsin lantarkin da ke tayar da kowane bugu. Idan aka bar gurbin nan ba mai taɓa shi, kusan sau 100 yake bugawa a minti a jikin matashi. Abin da ke saukar da shi zuwa 60 ko 70 a lokacin hutu wata jijiyar saƙo ce da ake kira bagus, ita ce ta goma cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Tun a 1845 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka tsokani jijiyar nan da lantarki zuciya na rage gudu, har ta kan tsaya. A 1921 Otto Loewi ya yi gwaji da zukatan kwaɗi biyu, ya ɗebi ruwan da ya jiƙa zuciyar da aka tsokani jijiyarta ya zuba wa ɗayar, ita ma ta sassauta. Ta haka aka gane sinadari ne jijiyar ke saki, wanda daga baya aka tabbatar asetilkolin ne.

Aikin bagus a kan zuciya kamar linzami ne a bakin doki mai son gudu. Mahayinsa ba ya buƙatar bulala kafin ya ƙara sauri, sassauta linzami kawai zai yi, in ya so tsayawa kuma ya ja. Akwai ɗaya ɓangaren na jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba, wanda likitoci ke kira simfatetik, shi ne mai zaburar da zuciya a lokacin tsoro ko gudu ko zubar jini. Bambancin da ya fi muhimmanci a tsakaninsu na lokaci ne. Saƙon bagus yana tasiri cikin bugu ɗaya, yana kuma gushewa nan take. Saƙon ɓangaren zaburarwa sai ya ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya fara aiki, ya ɗauki wasu da dama kafin ya kai ƙololuwa. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ke nan kowane numfashi daƙiƙa uku zuwa biyar ne. Bagus kaɗai ke da saurin da zai bi wannan hawa da sauka. Shi ya sa duk wanda ya auna yadda zuciya ke canza sauri da numfashi, to aikin bagus yake leƙawa.

Ta yaya numfashi ke isa ga jijiyar? Hanyoyin sun kai uku, kuma tare suke aiki. A gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da lakar baya, cibiyar da ke tsara numfashi da ƙwayoyin da bagus ke tasowa daga gare su maƙwabtan juna ne. Duk lokacin da cibiyar numfashi ta ba da umarnin shaƙa, tana danne ƙwayoyin bagus na ɗan lokaci. Sannan shi kansa huhu idan ya cika ya miƙe, akwai masu jin miƙewa a cikinsa da ke aika saƙo sama, su ƙara danne su. Ta uku ita ce ta matsin jini. Shaƙa da fitarwa suna canza matsi a cikin ƙirji, wannan yana canza yawan jinin da ke komowa zuciya, matsin jini ya ɗan motsa sama ko ƙasa. A cikin manyan jijiyoyin jini na wuya da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya akwai masu jin matsi, waɗanda ke kai rahoto bugu bayan bugu: matsi ya hau, a rage gudu, ya sauka, a ƙara.

Hujjar cewa ta jijiya abin ke bi a bayyane take. Idan aka yi wa mutum allurar atirofin, maganin da ke toshe saƙon bagus, zuciya na ƙara sauri, hawa da saukar nan kuma ta kusan ɓacewa. Wanda aka yi wa dashen zuciya ma haka ne, domin an yanke jijiyoyin da ke zuwa ga sabuwar zuciyar: tana bugawa 90 zuwa 110 ko yana hutawa, kuma numfashi kusan ba ya motsa ta.

An daɗe da ganin abin. Stephen Hales na Ingila, wanda ya fara auna matsin jini a jikin doki, ya rubuta a 1733 cewa jinin da ke cikin bututun awonsa yana hawa yana sauka. Carl Ludwig na Jamus ya zana shi a takarda a 1847, da wata na'ura mai juyawa da ya ƙera, a jikin kare. A kan amfanin da jiki ke samu da wannan tsari kuwa masana sun kasu. Junichiro Hayano na Japan da abokan aikinsa sun nuna a 1996, su ma da karnuka, cewa tara bugu a lokacin da huhu ke cike da iska yana inganta musayar iskar oksijin da jini. Wasu daga baya suka ce babban amfanin shi ne rage wa zuciya aikin banza.

Inda asibiti ya fara cin moriyar abin

A ɗakin haihuwa aka fara. A shekarun 1960 Edward Hon, wani likita a Amurka, ya lura cewa kafin bugun zuciyar ɗan da ke ciki ya faɗi saboda wahala, tazarar da ke tsakanin bugun ce ke fara canzawa. Har yau ungozoma da likita idan suka ɗaura wa mai naƙuda bel ɗin awo, ba lambar kaɗai suke kallo ba. Suna duban layin da ke fita a takarda. Idan yana tsalle-tsalle sama da ƙasa da bambancin bugu 6 zuwa 25, a tsakanin 110 da 160, hankali ya kwanta. Idan layin ya miƙe sumul ya daɗe a haka, ko da lambar tana kan 140, sai a fara bincike, domin wataƙila barci ne kawai ɗan yake yi, wataƙila kuma iskar oksijin ce ba ta isarsa. Ɗan ciki bai fara shaƙar iska ba tukuna, amma darasin da aka ɗauka daga nan ya shafi kowa: zuciyar da ta daina canza sauri alama ce ta cewa mai kula da ita ya gaji.

Sai masu ciwon suga. Suga idan ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin saƙo, kuma dogaye yake fara ci. Bagus doguwa ce ƙwarai. A 1973 Wheeler da Watkins a Landan suka nuna cewa wasu masu ciwon suga sun rasa wannan canji na bugu da numfashi. David Ewing da abokan aikinsa a Edinbara suka mai da abin jerin gwaje-gwaje masu sauƙi da har yanzu ake amfani da su. Mafi shahara a ciki shi ne kusan abin da muka yi da yatsu ɗazu, sai dai da na'urar ECG mai zana lantarkin zuciya. Majiyyaci zai yi numfashi mai zurfi sau shida a minti ɗaya, daƙiƙa biyar shaƙa, biyar fitarwa. Sai a ɗauki mafi saurin bugu da mafi jinkiri a kowane numfashi a fitar da bambanci. A ma'aunin Ewing, bambancin bugu 15 ko fiye lafiya ne, 10 ko ƙasa da haka matsala ce, abin da ke tsakani kuma a sa ido. Dole a yi la'akari da shekaru, domin ɗan shekara 70 mai ƙoshin lafiya ba zai kai ɗan 20 ba. Abin da ya sa nake ganin girman wannan gwaji shi ne yana kama lalacewar tun mutum bai ji komai a jikinsa ba, kuma minti ɗaya kacal yake ci.

A 1987 Robert Kleiger da tawagarsa suka bi mutum 808 da suka tsira daga toshewar jijiyar jinin zuciya. Sun naɗi bugun kowannensu na tsawon sa'a 24, suka lissafa yadda tazarar ke warwatsuwa. Waɗanda warwatsuwar tasu ta gaza milisakan 50 sun fi waɗanda tasu ta haura 100 haɗarin mutuwa har ninki biyar da ɗoriya. Wannan bincike ne ya jawo hankalin likitocin zuciya, har a 1996 manyan ƙungiyoyinsu na Turai da Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idojin awon da ake bi. Daga baya abin ya isa ɗakin bakwaini. A wani gwaji da aka wallafa a 2011, wanda ya ƙunshi jarirai 3,003 masu ƙarancin nauyi sosai a Amurka, an nuna wa likitocin rabinsu wani ma'auni da ke bibiyar yanayin bugun zuciya don hango shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Mace-mace a rukunin ya zama kashi 8.1 cikin ɗari, a ɗaya rukunin 10.2.

Tafiya tare iri-iri ce

Duk abin da ya gabata magana ce a kan girman canjin: nawa bugu ke ƙaruwa da shaƙa, nawa ke raguwa da fitarwa. Akwai wani abu daban da ake yawan cakuɗa shi da wannan, wato daidaituwar lokaci. A nan ba a tambayar yawan canji, ana tambaya ne ko bugun zuciya yana faɗowa a gurbi ɗaya na numfashi, numfashi bayan numfashi. Misali bugu huɗu cif a kowane numfashi, na farko daidai farkon shaƙa, kuma a ci gaba a haka na wani lokaci. Gunther Hildebrandt na Jamus ya daɗe da lura cewa a cikin barcin dare rabon bugu da numfashi na mutane da yawa yana karkata zuwa huɗu da ɗaya, ko da da rana sun sha bamban. A 1998 Carsten Schäfer da wasu masana kimiyyar lissafin motsi suka nuna irin wannan ɗaurewa a jikin matasa 'yan wasan ninƙaya suna hutawa. Bincike a kan masu barci ya nuna ta fi ƙarfi a barci mai nauyi, ta fi rauni a lokacin mafarki, kuma tana raguwa da tsufa. Mutum na iya samun babban canji ba tare da ɗaurewar lokaci ba, ko akasin haka. Duk wanda ya ce maka ya auna "jituwar zuciya da numfashi", ka tambaye shi wanne daga ciki.

Akwai kuma abin da ke faruwa idan aka rage numfashi zuwa kusan shida a minti. Matsin jini yana da nasa lilo na kusan daƙiƙa goma, wanda Sigmund Mayer ya bayyana a 1876, kuma yana da alaƙa da jinkirin da ke cikin tsarin masu jin matsi. Numfashi shida a minti shi ma daƙiƙa goma ne kowanne. Idan lilo biyun suka haɗu sai su ƙarfafa juna, canjin bugu ya kai iyakarsa, a jikin matashi mai lafiya ya kai 20 ko fiye tsakanin shaƙa da fitarwa. Evgeny Vaschillo da Paul Lehrer sun gina wata hanyar horon numfashi a kan wannan, inda ake nemo wa kowane mutum adadin da ya dace da shi, galibi tsakanin huɗu da rabi zuwa bakwai a minti. Kaiwar canjin bugu iyakarsa a wannan sauri na numfashi ce ma ta sa gwajin Ewing yake kan shida.

Abin da Rashawa suka kawo

Maganar auna ƙarfin daidaitawa, a matsayin abu mai zaman kansa, a Tarayyar Sobiyat ta fi samun gindin zama, kuma tafiya sararin samaniya ce ta haife ta. Ɗan sama-jannati lafiyayye ne, ba ciwo ake nema a jikinsa ba. Abin da likitocin ƙasa ke son sani shi ne ko jikinsa na jure rashin nauyi cikin sauƙi ko da ƙyar, kuma kusan abin da kawai ke iso musu ta rediyo shi ne bugun zuciya da numfashi. Roman Baevsky, wanda ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Matsalolin Lafiya da Halittu a Mosko, ya ce kowace daidaitawa tana da abin da take ci wa jiki. Idan abubuwa na tafiya daidai, ƙananan hanyoyi irin su bagus da numfashi sun isa su riƙe zuciya, don haka tazarar bugu tana warwatse. Idan nauyi ya ƙaru sai manyan cibiyoyin ƙwaƙwalwa su karɓe ragama, bugu ya zama iri ɗaya. Ya ƙirƙiro lissafin da ke auna wannan matsewa, ya kuma kasa halin jiki gida huɗu: daidaitawa mai gamsarwa, matsi a kan masu daidaitawa, daidaitawa marar gamsarwa, sai karyewar daidaitawa. Biyu na tsakiyar nan su ne zuciyar tunaninsa, domin a nan mutum ba shi da ciwon da za a sa wa suna, amma ba lafiyayye ba ne kamar da.

Vladimir Pokrovsky na Jami'ar Koyon Likitanci ta Kuban da ke birnin Krasnodar ya ɗauki wata hanya da ta bambanta. Maimakon a saurari zuciya tana hutawa, sai a ba ta aiki a ga yadda za ta yi. Ga yadda gwajinsa yake. Mutum zai zauna, an liƙa masa wayoyin ECG da abin auna numfashi. A fara naɗar bugunsa na asali, a ce 76 a minti. Sai a kunna masa wata fitila mai ƙyaftawa ko alama a allon kwamfuta, a ce ya riƙa numfashi gajere-gajere daidai da ita, da saurin da ya yi kusa da saurin zuciyarsa. Wannan numfashi ne mai sauri ƙwarai, shi ya sa kowane zagaye ba ya wuce minti ɗaya, sannan a huta har bugu ya koma yadda yake. A zagaye na gaba a ƙara saurin alamar da kashi biyar cikin ɗari, a haka a haka. A wani mataki sai zuciya ta kama numfashi: numfashi ɗaya, bugu ɗaya, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A ci gaba da ƙara sauri, ita ma tana bi, har a kai inda za ta saki.

Abu biyu ake ɗauka. Na farko faɗin filin da zuciya ta iya bi, daga mafi ƙarancin saurin da ta kama zuwa mafi yawan da ta riƙe. Na biyu yawan bugun da ta yi kafin ta kama a matakin farko. Sai a raba na farko da na biyu a ninka da ɗari. Wanda filinsa ya kai 12 ya kuma kama cikin bugu 15, makinsa 80 ke nan. Wanda filinsa 4 ne kuma sai da ya yi bugu 25, makinsa 16. A ma'aunin Pokrovsky 100 zuwa sama ƙarfi ne babba, 50 zuwa 99 mai kyau, 25 zuwa 49 mai gamsarwa, 10 zuwa 24 rauni, 9 zuwa ƙasa kuwa marar gamsarwa. Hujjarsa ita ce kafin wannan ɗaurewa ta faru sai ido ya ga alama, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ta umarci tsokar numfashi, cibiyar numfashi ta ja cibiyar zuciya, saƙo ya bi bagus ya isa gurbin bugu. Duk inda rauni yake a wannan doguwar hanya zai bayyana a makin.

A ganina tushen tunanin daidai yake, kuma ya fi awon hutu kusa da abin da ake nema. Ƙarfin da ke ajiye ba ya nuna kansa sai an taɓo shi. Amma akwai abubuwan da ya wajaba a faɗa. Yawancin binciken da aka yi da wannan hanya daga makarantar Pokrovsky da almajiransa ya fito, da harshen Rashanci, kuma su suka yanka iyakokin makin. Ba ta cikin ƙa'idojin 1996. Sakamakon ya dogara da yadda mutum ya fahimci umarni ya kuma iya bin alamar, don haka ƙaramin yaro da mai ciwon huhu da wanda ke cikin ruɗewa ba za a gwada su da sauran mutane ba. Numfashi mai sauri kuma, idan ya yi zurfi, yana fitar da iskar kabon da yawa daga jini har mutum ya ji jiri, wanda shi kansa yana taɓa zuciya. Hanya ce mai ban sha'awa ta bincike, ba hukuncin likita ba.

Inda lambobi ke yaudara

Yanzu agogon hannu da zobe da wayar salula duk suna fitar da lambar canjin bugun zuciya, wasu har su ce maka yau jikinka ya shirya ko bai shirya ba. Kuskure mafi girma a nan shi ne a auna zuciya a manta da numfashi. Mutum ɗaya, a zama ɗaya, idan ya rage numfashinsa daga 16 zuwa 6 a minti, lambar na iya ninkawa, alhali babu abin da ya canza a lafiyar jijiyarsa cikin minti biyun nan. Mai magana, mai hamma, mai ajiyar zuciya, duk suna motsa lambar.

Matsalar ta fi muni a lissafin da ke raba canjin bugu zuwa mai sauri da mai jinkiri. Ƙa'idojin 1996 sun sanya lilon da ke maimaituwa sau 9 zuwa 24 a minti a rukunin mai sauri, wanda ke ƙasa da 9 zuwa kusan biyu da rabi a rukunin mai jinkiri. Aka daɗe ana cewa na farko na bagus ne, na biyu na ɓangaren zaburarwa, rabonsu kuma shi ne ma'aunin damuwa. To wanda ya natsu yana numfashi shida a minti, duk aikin bagus ɗinsa ya faɗa rukunin mai jinkiri, sai na'ura ta ce yana cikin tsananin damuwa, alhali shi ne mafi kwanciyar hankali a ɗakin. Masana irin su Dwain Eckberg tun 1997, da George Billman a 2013, sun soki wannan rabo da hujjoji masu ƙarfi, amma har yanzu ana sayar da manhajojin da ke dogaro da shi.

Babbar lamba ma ba kullum take nufin alheri ba. Akwai ciwon da ke sa ɗakunan saman zuciya karkarwa maimakon bugawa, bugu ya riƙa zuwa ba tsari. Lissafi zai nuna canji mai yawa ƙwarai, amma wannan canji bai san da numfashi ba, kuma ciwo ne da ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Bugun da ke tsallake layi jefi-jefi shi ma yana kumbura lambar. Abin da ake so shi ne canji mai bin numfashi, ba kowane irin canji ba. Magunguna ma suna da hannu: wasu na hawan jini suna ɗaga lambar, wasu tsofaffin magungunan ciwon damuwa suna saukar da ita. Barasa da zazzaɓi da ƙarancin barci suna saukar da ita. Shekaru da gado kuma suna sa lafiyayyu biyu su bambanta nesa ba kusa ba, don haka gwada lambarka da ta wani ba ya gaya maka komai.

Wanda ke son amfana da awon sai ya gwada kansa da kansa. A auna a lokaci ɗaya kullum, da safe bayan farkawa, a yanayi ɗaya na zama ko kwanciya, kafin motsa jiki, ana numfashi yadda aka saba ba tare da sarrafa shi ba. Bayan 'yan makonni mutum zai san inda tasa take zama. Faɗuwar rana ɗaya ba ta da wata ma'ana. Faɗuwar da ta jera kwanaki, tare da ƙaruwar bugun hutu, ita ce ke nuna jiki na ɗauke da wani nauyi, ko horo ne ya yi yawa, ko cuta ce ke shigowa. Na'urar da ke ɗaure a ƙirji tana karanta lantarkin zuciya ta fi mai hasken da ke leƙa fatar hannu daidaito, musamman idan hannun na motsi.

Mai ciwon suga da ya lura zuciyarsa na zaune kan 90 ko 100 ko yana kwance, ba ta sauka in ya huta, ba ta wani hawa in ya motsa, ko yana ganin jiri duk sanda ya miƙe tsaye, kada ya tsaya kallon agogo. Ya gaya wa likitansa, ya nemi a yi masa gwajin numfashi mai zurfi da na tashi tsaye a kan ECG, a kuma auna matsin jininsa yana kwance da bayan ya miƙe. Wanda jijiyoyin zuciyarsa suka lalace yana iya samun toshewar jijiyar jini ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba, kuma likitan da zai sa shi barci don tiyata yana buƙatar sanin haka tun kafin a shiga ɗakin aiki.